Kada Ka Buɗe Tandun Nan, Mutari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Birni, Damagaram, zuwa ga ɗana Mutari a Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da ba ka san kowa ba. Innarka tana gaishe ka, ƙanwarka Zuwaira ma haka. Ba zan tsaya ba ka labarin gida ba, kwana uku ne kawai rabonka da mu, kuma yadda ka bar mu haka muke: sama fayau, rumbu wayam. Ka yi haƙuri da ajamina, hannun da ya saba da basilla ba ya jin daɗin alƙalami.

Jiya da hantsi na miƙa hannu bayan ƙofar zaure zan ɗauko tandun maina in shafa wa wani kube, sai yatsuna suka taɓa ƙusa tsirara. Na tambayi innarka. Ta yi ta juya murfin tukunya kamar ba da ita nake ba, can ta ce, "Mutari ne ya roƙa, na ba shi. Ya ce motar maigidansa kujerun fata gare ta, yana so ya gyara su yadda ka gyara na Alhaji Bukar." Idan takardar nan ta same ka tandun yana toshe, ka bar shi a toshe har ka kai ƙarshenta. Idan kuwa ka riga ka buɗe, to ka karanta da sauri.

Ka san abin da aikin nan naka yake a gare mu. Damina biyu ke nan gonarmu ta Gouna ba ta ba mu ko abin da akuya za ta tauna ba, kuma a shekarar da mutane ke neman tiyar hatsi babu mai waiwayar alabe ko takalmin ado. Gidan nan duka hannunka yake kallo. Ba na so ka rasa aikin shofer, wato direba, a satinka na farko saboda wata magana da ni na ƙaga da bakina.

E, ƙagawa na yi. Ka tashi kana jin cewa a shekarun farin farko, da ruwa ya ƙi sauka, lokacin da nake tuƙa Alhaji Bukar, man tanduna ne ya sa kujerun motarsa suke ɗaukar ido, kuma na bar aikin ne don kakanka ya tsufa yana bukatata a rumfa. Ka ji wannan labari har ka haddace shi, kana ba abokanka kana hura hanci. Ƙarya ce, ɗana. Innarka ma sai jiya ta ji gaskiyar, kafin in ɗauki alƙalami. Da na gama faɗa mata ta ce, "Shekara goma da wani abu kana kwana da wannan? To rubuta, akwai kamiyo, babbar motar kaya, da zai tashi gobe." Ga ni ina rubutawa.

Ni ɗan dukawa ne, jikan dukawa, amma tun ina saurayi idona yana kan titi. Kakanka yana koya mini yadda ake fere bakin fata, ni kuwa kunnena yana tasha wajen ƙarar injin. Na yi ta naci har na sami permi, takardar izinin tuƙi, na yi ƴan shekaru ina jan kamiyon gyaɗa, sannan Allah Ya haɗa ni da Alhaji Bukar. Ba ka san shi sosai ba, kana ƙarami ya rasu. Babarbare ne, ɗan kasuwa, kakanninsa daga Barno suka zo. Mutum ne mai sanyin magana, idan ransa ya ɓaci sai muryarsa ta ƙara yin ƙasa. Bayan albashi, duk wata yakan sa a kawo mini buhun gero har ƙofar gida. Da fari ya kankama, buhun nan shi ne ya raba gidanmu da gidajen da ake dafa dusa.

A shekarar ne aka kawo masa motar. Baƙa ce, doguwa, kujerunta masu haske, launin bawon gyaɗa. Ranar da na fara buɗe ƙofarta ban kalli sitiyari ba, tafin hannuna na ɗora a kan kujera. Mutari, na taɓa fata tun ban iya wanke hannuna ba, amma ban taɓa taɓa irin wannan ba. Ka san mu idan muka shimfiɗa ƙirgi muna karanta rayuwar dabbar a jikinsa: nan ƙaya ta karce ta, nan kaska ta kwana, nan aka ɗora mata ƙarfen lamba. Wannan babu ko ɗaya. Saniya ce da ba ta taɓa ratsa sarƙaƙiya ba.

Da azahar, idan Alhaji ya shiga gida ya kishingiɗa, sai in ja motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa, in zauna a ciki in rufe ido. Ƙamshin fatar nan sai ya ɗauke ni. Ina ganin wata ƙasa da ban san sunanta ba, ciyawa har cikin shanu, ƙasa baƙa mai laushi, ruwa yana sauka a gadon bayansu suna tuƙa abinsu ba su ko ɗaga kai. Makiyayin ma a mafarkina laima gare shi, yana hamma, ya gaji da ruwan sama. Ka ji mutum! Har nakan ji yayyafi yana buga rufin motar, ɗis, ɗis, in ji sanyi yana shigowa ta taga. In na buɗe ido sai in tarar busassun ƴaƴan darbejiya ne ke faɗowa, ga Fulani da Buzaye can suna wucewa da ƙwarya a hannu, waɗanda bara suke da garke. Na so kujerun nan, ban ɓoye maka ba. A duk Damagaram su kaɗai ne abin da fari bai taɓa ba, kuma na ɗauka ni aka ba amanar kada ya taɓa su.

Kuskurena na farko ke nan, kuma daga shi sauran suka fito. Na ce a raina, fata ai fata ce, wa zai koya wa ɗan baduku? Akwai ɗan littafin da ya zo da motar, da Faransanci, akwai kuma akawun Alhaji da zai iya karanta mini shi a zama ɗaya. Kakanka yana nan da ransa, tafiyar da ba ta kai a tauna goro ɗaya ba. Ban tambayi kowa ba. Kai ka tambaya. Ka tambayi maigidanka abin da aka saba yi wa motar, ka tambayi shofer ɗin da ya riga ka in yana kusa, ka tambayi masu ɗinkin kujera a garaji. Babu wanda zai kore ka don ka ce ba ka sani ba.

Bazarar shekarar komai tsagewa yake yi. Ƙasar tabki ta tsage, leɓunan mutane sun tsage, ganguna a fada ma an ce sai da aka sassauta su. Fatun shanun da suka mutu sun cika majema, babu mai so, don fatar dabbar da yunwa ta kashe sirara ce, kana lanƙwasa ta tana karyewa. Wata safiya ina goge mota sai na ga wasu siraran layuka a gefen kujerata, inda nake zamewa in shiga. Yanzu na san ba komai ba ne, duk kujerar da ake zama a kanta tana yin su, kamar tafin hannu. Amma a ranar ban san haka ba. Na ce shi ke nan, fari ya shigo motar.

Me baduku yake yi wa fatar da ta bushe? Ya ba ta mai. Na je kasuwa na yi ta yawo har na sami wata Bafillatana da ɗan man shanu a gindin ƙwarya, ta ce na saniyarta ta ƙarshe ne. Na saya, na haɗa da man gyaɗa yadda muke yi, na cika tandun nan da ke cikin jakarka. Na zauna na bi kujerun nan ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, ina murzawa ina yi musu magana kamar mai lallashin doki. Da na gama suka ɗauki ƙyalli har kana ganin inuwarka. Alhaji ya fito ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, Idi! Yau motar amarya ce?" Na ce, "Ɗan gyara ne irin na gado, Alhaji." Wannan rabin labarin shi ne gaskiyar da ke cikin abin da na ba ka. Kwana biyu ya yi.

Ka riƙe wannan: ƙyalli a kujerar mota ba alamar lafiya ba ne. Kujera mai lafiya shiru take, ba ta walƙiya, in ka shafa ta hannunka ya wuce sumul ba ya kamawa. In ka ga tana sheƙi, to maiƙo ne da gumi da datti suka kwanta a kai, gogewa take so, ba ƙari ba.

A rana ta uku man ya fara nuna halinsa. Bai shiga ko'ina ba, yana nan a sama, rana ta dafa shi. Kujerun suka yi danƙo, duk rairayin da ya shigo da ƙafa ko da iska sai ya manne. Ƙamshin nan da ke kai ni ƙasar ruwa ya tafi, warin tsohon man shanu ya maye gurbinsa, ƙudaje suka gane motar tun daga nesa. Na rufe ido da azahar ina neman shanuna, ban gan su ba.

Ranar kasuwar Mirriya Alhaji ya ce in kai shi, za a yi zaman raba hatsin taimako da manyan gari. Ya fito cikin farar shadda sabuwa, tana amsa kuwwa saboda bugu. Na buɗe masa ƙofa ina addu'a a zuci. Muka kama hanya cikin zafin nan, ya jingina ya yi gyangyaɗi. Da muka isa ya fita, na ga bayansa. Tun daga kafaɗa har ƙasa rigar ta sha mai, rawaya-rawaya, har da layukan ɗinkin kujera a kwance a jiki. Ya shiga cikin mutane a haka. Na ga wani dattijo ya ja shi gefe ya yi masa raɗa, na ga Alhaji ya kai hannu baya ya shafa ya sunsuna. Bai fasa zaman ba. Ya nemi bango ya zauna ya ba shi baya har aka tashi.

A hanyar dawowa ya shimfiɗa darduma a kan kujera kafin ya zauna. Mun wuce lambunan Mirriya sannan ya ce, a hankali, "Idi, me ya sami kujerun nan?" Na ce, "Zafi ne, Alhaji. Fatar Turawa ba ta san ranarmu ba, gumi take yi." Ya ce, "To."

Da a nan na ce, Alhaji, ni ne, na yi kuskure, da an sami tsumma mai laushi da ɗan ruwan sabulu mai sauƙi an bi su a hankali sau uku ko huɗu, man ya fita, da yanzu labarin dariya ne. Ɗana, in ka yi ɓarna, ka faɗa tun tana ƙarama, kuma ka faɗa da bakinka kafin hanci ko idon maigida ya faɗa masa. Yau na san haka sarai, a ranar kuwa kunya ta toshe mini baki.

Washegari na ce zan kai mota garaji. Ban je ba. Na sayi garwa biyu ta ruwa wajen ɗan garuwa, a lokacin da mata ke kai tulu layin famfo tun asuba su dawo da shi rabi. Na ja motar bayan duwatsun nan na wajen ganuwa inda babu mai ganina. Na sake komawa ilimin gado: a majema da toka ake cire maiƙo. Na zuba toka da sabulun gida a garwa ta farko, na ga kamar ba zai isa ba, na zuba a ta biyun ma. Na ɗauki soso na hau dirza.

Ina cikin haka sai na ji tsayuwar mutum. Wata tsohuwa ce, ƙafafunta fari fat, da ƙwarya a hannu da ɗan ƙunshi a ka. Ta ce daga wajen Gouna take, tun jiya take tafe, jakinta ya kwanta a hanya bai tashi ba. Ba ta roƙe ni ba. Ta tsaya tana kallon ruwan da ke gangarowa ta bakin ƙofar mota yana nutsewa cikin rairayi. Can ta ce, "Bawan Allah, ita ma ƙishi take ji?" Na juya in ɗebo mata, na duba garwa ta farko, toka. Na duba ta biyu, toka. Ko kurɓi ɗaya mai kyau ban rage ba. Na ce, "Iya, ki gafarce ni, duk na ɓata shi." Ta ce, "Ba komai." Ta tsuguna ta ɗora tafin hannunta a kan rairayin da ya jiƙe, ta shafa a wuyanta da goshinta, ta tashi ta nufi gari. Na bi ta da kuɗi a hannu, ta ce ba kuɗi take nema ba. Har yau in na ɗaga buta sai na tuna ta, kuma ban san ko ta kai ba.

Kujerar fata ba ta bukatar ruwan da ya wuce abin da tsumma zai riƙe bayan ka matse shi da ƙarfi. Kofi ɗaya ya ishi mota guda. Kuma duk inda za ka, ka ajiye bido ɗaya, wato jarka, na ruwa mai tsabta a bayan mota wanda ba na injin ba ne, ba na wanki ba ne. Za ka gamu da mai shi a hanya, musamman a irin wannan shekara.

Ban tsaya nan ba, don wauta in ta kama hanya ba ta son tsayawa. Da na gama dirza sai na ce a shanya, yadda muke shanya fata. Na fitar da motar daga inuwar dutse na kafa ta a tsakiyar rana, na ɗaga gilasai duka don kada rairayi ya shiga, na koma gindin dutse na zauna. Da la'asar na buɗe ƙofa, zafi ya buge ni kamar na leƙa tanderun burodi. Launin bawon gyaɗan nan ya kwaile wuri-wuri inda soso ya ci. Fatar ta ƙandare, ta tattare, kujerar Alhaji ta tsage a wuri uku har ana ganin abin da ke ciki. Da hannuna na shigar da farin da nake tsoro.

Rana ita ce babbar abokiyar gabar kujerun nan, ta fi rashin mai sau nawa. Ka nemi inuwa ko da za ka yi tafiyar ƙafa ka dawo. In babu inuwa, ka juya motar ta ba rana baya, ka rufa wa kujeru farin zane, ka sa kwali a gilashin gaba, ka bar tagogi a buɗe kamar faɗin yatsa don zafi ya sami hanyar fita. In kujera ta jiƙe, a inuwa za ta bushe, da kanta, ƙofofi a buɗe.

Alhaji ya ga kujerun. Ya sake tambayata, na sake cewa rana ce. Kashegari ya kuma tambaya, na rantse masa cewa fatar ce ba ta da kyau. Sai ya ce, "To, a kira masanin fata ya duba mana." Wa za a kira a Birni in ba kakanka ba?

Ya zo da sandarsa, ya gaisa da Alhaji, ya sa kai cikin motar. Bai taɓa komai ba tukuna, numfashi kawai ya ja. Na ga bayan wuyansa ya tsaya. Ya ce a ba shi buta. Ya tsoma yatsa, ya nemi wani wuri a bayan kujera, can ƙasa inda hannuna bai kai ba, ya kwantar da kujerar ya ɗiga ɗigo ɗaya. Muka tsaya mu uku muna kallo. Ɗigon ya zauna a dunƙule, yana rawa, bai shiga ba. Sai ya ciro alabensa, wanda ya jeme da kansa, ya ɗiga masa. Nan take ya shanye, wurin ya yi duhu. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tamu tana sha, don bakinta a buɗe yake. Wannan tun a can aka rufe ta da wani shafi. Ba ta cin mai, ba ta son toka. Da an tambaye ta da ta faɗa." Sannan ya juya ya ce, "Alhaji, ba rana ba ce. Hannun gidana ne."

Alhaji ya juyo wajena. Ya ce, "Idi, kujera ana sake ta. Sau uku na tambaye ka." Ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Bai zage ni ba, bai kuma faɗa wa kowa ba har ya koma ga Allah, Allah Ya jiƙansa. Kakanka ya ce ba za a bar motar mutum haka ba. Kwana goma sha biyu muna zaune ni da shi muna ɗinka wa kujerun riga da jar fatar akuya, bai ce mini uffan ba sai "miƙo zare." Haka na koma rumfa.

Buhun gero ya daina zuwa. Ka tuna lokacin da aka kai ka Mirriya wajen gwaggonka, kana murna za ka ga lambu? Ba hutu aka kai ka ba, tukunyarmu ce ta kasa ɗaukar baki huɗu. Innarka ta sayar da kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya, muka ci jar dawar taimako har cikinmu ya saba. Da ka dawo, wuyanka ya yi tsawo, ka zauna kusa da ni a rumfa ka ɗauki tandun nan kana jujjuyawa, ka ce, "Baba, da wannan kake sa motar Alhaji ƙyalli?" Idanunka sun cika da ni. Na duba su na kasa. Na ce, "Da shi ne." Daga nan kullum ka tambaya sai in ƙara wa labarin gishiri, har ni ma na fara jin daɗinsa.

To ga abin da ya kamata in koya maka tun tuni, wanda na tsinta daga baya wajen masu ɗinkin kujera da tsofaffin shofer. Kowace safiya ka fara fitar da rairayi, musamman cikin layukan ɗinki, da burushi mai laushi ko busasshen tsumma, don rairayi ne ke cin fata a hankali duk lokacin da aka zauna. Sannan ka bi da tsumman auduga mai ɗan danshi, ka bi da busasshe. Ka kula da inda ƙeya take jingina da inda hannu yake sauka, nan gumi da man kai suke taruwa. In wani abu ya zube, ka ɗora tsumma ya tsotse, kada ka murza. In datti ya ƙi fita, ɗan kumfar sabulun wanka mai sauƙi ya isa. Ban da toka, ban da sabulun garin wanki, ban da esansi, wato fetur, ban da siraji, man goge takalmi, ban da soso.

Za ka ce, to ba a ba ta mai ke nan sam? Ka yi mata tambayar kakanka. Ɗigo ɗaya a ɓoyayyen wuri. In ya zauna a dunƙule, rufaffiya ce, tsabta da inuwa take so fiye da komai. In ya shige ya bar duhu, ko dai irin buɗaɗɗiyar ce, ko shafin ya tsufa ya gaji, to wannan tana son a ɗan taimake ta. Akwai wani kirim da ake sayarwa a kantunan kayan mota don wannan aiki kaɗai. Ka gaya wa maigidanka ya saya, kada ka yi masa gwaninta. Ka gwada a inda ido ba ya kaiwa, ka jira kwana ɗaya. In bai canza launi ba, ka shafa ɗan kaɗan a tsumma, ba a kujera ba, ka bi da shi sama-sama, ka goge abin da ya rage har hannunka ya daina kamawa. Sau ɗaya kafin bazara, sau ɗaya bayanta, ya wadatar. Kuma kada ka yi ana gobe maigida zai sa fararen kaya, ka ji ta bakin wanda ya gani.

Na san abin da takardar nan za ta rage mini a idonka. Shekara da shekaru kana da uban da ya fi kowa sanin fata a Damagaram, yau ka tashi da wanda ya lalata motar mutum ya yi ƙarya sau uku, ya kuma sa ka kwana da yunwa. Ya yi mini ciwo in rubuta, ina jin kunyarka ƙwarai. Amma na gwammace ka rage ganin girmana ka riƙe makullinka. In kuma takardar ta makara ka riga ka shafa, kada ka taɓa toka, kada ka jira a tambaye ka. Ka je wajen maigidanka da takardar nan a hannu, ka ce ga wanda ya koya maka, a karanta masa. Na yarda.

Tun jiya nake tunanin shanun nan nawa. Da azahar na jingina da bangon rumfa na rufe ido, ko za su zo. Sun zo, Mutari, karo na farko tun waccan shekara. Amma ba a ƙasar Turawa suke ba, a fadamar Gouna na gan su, ruwa yana sauka a bayansu, wata tsohuwa tana zaune a gefe ƙwaryarta cike. Allah Ya nuna mana haka ido biyu.

Shi kuwa man tandun, mai kyau ne, ba laifinsa ba ne. Takalmin da na ɗinka maka fatar gidanmu ce, bakinta a buɗe yake, za ta sha ta gode. Ka ba ta duk Juma'a. Abin da ya rage ka shafa a dugaduganka, na ga sun fara tsagewa ranar da ka hau kamiyo, na yi niyyar faɗa maka sai na tsaya ina yi maka faɗan kada ka yi gudu. In ya ƙare kada ka yar da tandun, na kakanka ne. Ka dawo mini da shi da hannunka, ƙusarsa tana nan.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka fita lafiya ka komo lafiya, Ya ba ka haƙurin zama da mutane da ƙarfin faɗin gaskiya tun a tambayar farko. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka. Ka yafe mini.

Ni ne mahaifinka,
Idi Baduku, Birni.